Kada a raba gadon mai rai: akwai haukan da ke da wa'adi

Akwai wata magana da muka gada kaka da kakanni, wadda ake faɗa a zaure da kasuwa da biro ba tare da kowa ya tsaya ya auna ta ba, wai hauka ba ya warkewa, sai dai rangwame. Ni a ganina wannan magana ta kashe aure, ta rufe kantuna, ta raba mutane da aikin gwamnati fiye da yadda ciwon da kansa ya yi. Dalili kuwa shi ne, da zarar an yarda cewa wanda ya taɓu ba zai dawo ba, to duk abin da aka yi masa ya halatta: a ɗaure shi, a karɓe makullin kantinsa, a raba shi da iyalinsa, a soke sunansa daga takardar albashi. Alhali kuwa likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa daga cikin masu taɓuwa akwai wani kaso da ciwonsu ke zuwa ya wuce cikin ƴan watanni, mutum ya koma kan sana'arsa kamar ba a yi ba. Abin tambaya shi ne, idan ya dawo, me zai tarar mun bar masa?

Ga yadda abin ya saba farawa. A ɗauki misalin saurayi mai shekara ashirin da ƴan kai, wanda ke tsare wa ubansa kanti, ko ƙaramin ma'aikaci da aka tura aiki wata jiha, ko ɗalibin jami'a. Babu wanda ya taɓa kuka da shi. Sai barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki. Sai ya fara cewa ana bin sa, ko an sa masa guba a abinci, ko rediyo da shi take magana. Yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wani lokaci suna zaginsa, wani lokaci suna ba shi umurni. Maganarsa ta tsinke, ya kama wannan zance ya saki ya kama wancan, har mai saurare ya rasa kai da gindi. Wani ya yi ta yawo ba dalili, wani ya sandare wuri guda ba ci ba sha. Duk wanda ya taɓa ganin haka a gidansu ya san tsoron da ke kama mutane, kuma ba na zargin kowa a kan wannan tsoro.

Waɗannan alamu su ne na ciwon da likitoci ke kira skizofireniya, ciwo mai daɗewa wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana damun kusan mutum 1 cikin 300 a faɗin duniya. To amma alamu kaɗai ba su isa a yanke cewa shi ne ba. Sai an haɗa da tsawon lokaci. Littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke fitarwa, wanda ake kira DSM, ya kasa abin kashi uku. Idan ruɗewar ta zo ta wuce cikin ƙasa da wata guda, sunanta gajeriyar ruɗewa. Idan ta kai wata guda amma ba ta cika wata shida ba, sunanta skizofireniform, wato mai kama da skizofireniya. Sai ta kai wata shida ko ta zarce ne ake kiran ta skizofireniya. Sunan na tsakiya wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Gabriel Langfeldt ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1930, bayan ya lura cewa cikin marasa lafiyar da aka yi wa kuɗin goro da suna guda, akwai waɗanda ciwon ya faɗo musu farat ɗaya suka kuma warke sarai. Sunan ya shiga littafin na Amurka a 1980, yana nan kuma a bugun 2013.

Akwai wata ƙa'ida a nan da nake so mai karatu ya riƙe. Idan likita ya ga mutum a wata na biyu ko na uku, ciwon bai sake shi ba tukuna, ƙa'idar aikinsa ta tilasta masa ya rubuta sunan ciwon tare da cewa na wucin gadi ne, domin shi ma bai san inda za a kwana ba. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun wannan fanni ke nan yake cewa a dakata a gani. Mu kuwa da ba mu karanta komai a kai ba, kwana uku sun ishe mu mu ce wane ya haukace tuburan, magana ta ƙare.

Likitocinmu da suka yi karatu a tsarin Faransa sun fi sanin abin da wani suna, bouffée délirante, wanda ya fito daga makarantar Valentin Magnan a birnin Paris cikin shekarun 1880. Ba daidai yake da na Amurkawa ba ƙwabo da ƙwabo, amma dangin juna ne: ruɗewa mai faɗowa kamar hadarin bazara, ta yi ƙarfi, ta wuce. Henri Collomb, wanda ya shugabanci sashen masu taɓin hankali na asibitin Fann a Dakar tun daga 1959, ya yi rubutu a 1965 a kan yadda irin wannan ruɗewa ta yawaita cikin marasa lafiyar da yake gani a Afirka ta Yamma. Shi ma littafin na Amurka ya yarda cewa a ƙasashe masu tasowa an fi samun wannan nau'i mai gajeren wa'adi fiye da yadda ake samunsa a ƙasashen masu arziki. Ke nan ciwon da muke magana a kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ne ma muka fi kowa buƙatar saninsa.

Ba zan sayar wa kowa da ƙarya ba. Abin da littafin ya nuna shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka fara rubuta musu wannan suna ne ke warkewa kafin wata shida su cika. Sauran kashi biyun ciwonsu yakan zarce ya zama skizofireniya ko wani ɗan uwanta. Wani zai ce, to ai ga shi nan, maganar kakanni ta fi rinjaye. Ina ba shi amsa da harshen kasuwa. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙona sito don an ce masa kashi biyu cikin uku na hajar sun jiƙe? Sannan su kansu kashi biyun ba a ce sun ɓace ba. Da yawansu da magani suna noma, suna saye da sayarwa, suna riƙe da iyali. Kuma likitoci na da alamun da ke ƙarfafa zaton samun lafiya: idan ruɗewar ta bayyana cikin mako huɗu daga lokacin da aka fara ganin canji a halin mutum, idan a tsakiyar ciwon yana cikin ɗimuwa, kamar wanda ke tambayar kansa me ke faruwa da shi, idan kafin ciwon mutum ne mai riƙe da aikinsa da zumuncinsa, idan fuskarsa ba ta mutu ba, yana iya kuka yana iya dariya. Wanda ya haɗa biyu daga cikin waɗannan, ana sa masa rai sosai. A lura da abin mamaki a nan: wanda ciwonsa ya faɗo da ƙarfi rana tsaka, ya tara wa gida jama'a, wanda mu muke ganin ya fi lalacewa, sau da yawa shi ne ya fi kusa da warkewa a kan wanda ya yi shekara biyu yana janyewa daga mutane shiru-shiru ba wanda ya kula.

Yanzu sai mu dubi abin da muke yi da waɗannan watanni shida, domin a nan ne laifin yake.

Watannin farko sukan tafi wajen neman wanda ya yi. Jifa ne, ko sammu, ko kurciya, ko iskoki. Kishiyar uwa ce, ko abokin gasa a kasuwa, ko wanda ke hangen kujerarsa a biro. A sayar da rago a kai wa wannan, a sayar da gona a kai wa wancan, a yi hayaƙi, a yi girka, a ƙetara iyaka a dawo. Idan maras lafiya ya ƙi zama, sai mari da turu. Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A watan Satumba na 2019 ƴan sandan Najeriya sun fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, bayan ƴan makonni aka sake samun irinsa a Daura, nan kusa da mu. Cikin irin waɗannan gidaje ana tara kangararru da ƴan ƙwaya da masu taɓin hankali wuri guda. A 2020 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ta sami shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Mutumin da ciwonsa ke gaya masa cewa ana farautarsa, aka zo aka danne shi aka sa masa sasari, me aka yi in ban da tabbatar masa da abin da yake tsoro? Bincike da yawa ya nuna cewa gwargwadon daɗewar da mutum ya yi cikin ruɗewa ba tare da magani ba, gwargwadon wahalar dawowarsa. Lokacin da ya fi kowane tsada shi ne muke zubarwa a hanya.

Ban ce a bar addu'a ba, kuma ban zo yin faɗa da malamai ba. Thomas Adeoye Lambo, likitan Najeriya da ya buɗe tsarin jinya na ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Collomb ma ya bi irin wannan hanya a Dakar. Babu abin da ya hana a sha rubutu da safe a sha ƙwayar likita da dare. Abin da nake ƙi shi ne a mai da likita zangon ƙarshe, wanda ake zuwa bayan dukiya ta ƙare. Akwai dalili mai ƙarfi da ya sa ya kamata ya zama na farko: ba duk mai sambatu ne ke da ciwon hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana sa sambatu, sanƙarau yana sa shi, farfaɗiya tana iya sa shi, haka ma wiwi da tramol da suka cika mana gari. Ƙa'idar likitoci ita ce ba a kiran ciwo skizofireniform sai an tabbatar ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Wanda sanƙarau ya kama aka kai shi gidan mari, ba wata shida yake da su ba, kwanaki ne.

Maganin kuwa ba sabon abu ba ne. Tun 1952 likitoci biyu a asibitin Sainte-Anne na Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin ƙwayar da muka sani da sunan Largactil; a 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam; daga baya wasu irin su risperidon suka biyo. Tashin hankali yakan lafa cikin kwanaki, muryoyi da zarge-zarge kuwa sukan ɗauki makonni kafin su dushe. Wurare biyu ne iyalai suka fi tuntuɓe. Na farko, waɗannan magunguna, musamman tsofaffin, suna iya sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya zuba, wani lokaci wuya ya murɗe ido ya kafe sama. Dangi na ganin haka sai su ce ai ga shi aljanin ya ƙi maganin asibiti, su kwashe mutum su gudu. Alhali illar ƙwaya ce da aka sani, ana rage ta da sauke yawan maganin ko da wata ƙwaya da ake kira Artane. Na biyu, da mutum ya sami kansa sai a ce ya warke, a jefar da sauran. Shawarar da likitoci suka fi bayarwa bayan tashin farko ita ce a ci gaba da sha kamar shekara guda bayan alamu sun ɓace, sannan a janye sannu a hankali a ƙarƙashin idon likita. Da yawa daga cikin waɗanda ake nunawa a ce ka ga, ai hauka ba ya warkewa, mutane ne da aka katse wa magani a wata na biyu.

Sai batun dukiya da aure, inda nake ganin mun fi cin amana, kuma inda ba mu da uzuri ko kaɗan, domin addininmu ya riga likitocin Turai yin magana. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu da malamanmu ke bi, wanda hankalinsa ya gushe ana hana shi sarrafa dukiyarsa, a naɗa wanda zai kula da ita; amma hanin yana ƙarewa ran da ya farfaɗo, dukiyar kuma tasa ce, amana ce a hannun mai riƙo. Game da aure, Muhtasar na Halil ya yi bayanin cewa idan hauka ya sami miji ana kuma sa ran warkewarsa, ana jinkirta masa shekara guda kafin a ba matar zaɓin rabuwa. Shekara guda! Malaman da suka rubuta haka shekaru ɗaruruwa kafin a san Largactil sun ba maras lafiya ninkin abin da likitocin yau ke nema. Mu da muke da Largactil ba mu ba shi ko wata biyu. Kafin a yi arba'in da fara ciwo, ƙane ya zauna a kanti, masu bin bashi sun kwashe haja, waɗanda ake bi bashi sun manta, surukai sun zo sun ɗauke ƴarsu. Idan kuwa matar ce ta taɓu, abin ya fi muni: ba a jira ko alƙali, sai takardar saki, a mai da ta gidan ubanta, a karɓe goyo, kuma tabon ya bi ƙannenta mata har ran neman aurensu.

Ma'aikata ma kada su ce wannan halin ƴan kasuwa ne. Wanda ya daina zuwa biro don ruɗewa ba ya aiko da takardar likita, domin bai san ba shi da lafiya ba. Wannan rashin sani yana cikin ciwon. Sai takardar neman bahasi ta bi shi, ta biyu ta bi ta farko, a rubuta cewa ya gudu ya bar aiki, a tsai da albashin da ya kamata a sayi magani da shi. A Faransa, inda muka kwaikwayo yawancin tsarin aikin gwamnatinmu, ciwon hankali yana cikin cututtukan da ke ba ma'aikaci hutun jinya mai tsawo har shekara 5, uku da cikakken albashi, biyu da rabi. Ko mene ne dokar ƙasa ta tanada, ba za ta yi aiki ba sai shugaban ma'aikata ya tura a duba mutum kafin ya ɗauki alƙalami. Ƴan sandika da ke iya tsai da ƙasa cak a kan bashin albashi, ya kamata su sa wannan ma cikin buƙatunsu: kada a kori kowa da sunan barin aiki sai likita ya gan shi.

Na san abin da magidanci a Dakoro ko Tanut ko Bouza zai ce: ina likitan yake? Yana da gaskiya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna cewa a yankin Afirka ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba ga kowane mutum dubu ɗari, alhali matsakaicin duniya 13 ne. Gwamnatoci kuma, a duniya baki ɗaya, kusan kashi 2 cikin ɗari na kuɗin lafiya suke ware wa wannan fanni. Ƙwararrun da muke da su sun taru a manyan birane. Kowa ya san sunan Pavillon E na babban asibitin Yamai, har ya zama abin tsokana a bakin yara, amma daga Maraɗi zuwa can ya fi kilomita 600, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa mutum mai ruɗewa cikin motar haya ya san abin da wannan tafiya take nufi. Sai dai maganin wannan matsala ba ya buƙatar a jira ranar da za mu yaye ɗaruruwan ƙwararru. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda manufarsa ita ce a koya wa likitan ƙauye da majo yadda za su gane ruɗewa, su fara magani, su san lokacin turawa gaba. Ƙwayoyin suna cikin jerin muhimman magunguna na hukumar, kuma tsofaffin cikinsu suna daga cikin masu araha. Ƙasar da ta iya shelar kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006 ba za ta gaza ajiye Haldol da Artane a kowane CSI ba, in ta ga dama. Maƙwabtanmu na Najeriya sun kai 2023 kafin su sauya dokar mahaukata ta 1958 da suka gada daga Turawa. Ba abin koyi ba ne wajen sauri, amma aƙalla majalisarsu ta zauna ta yi maganar. An yi gwamnatoci iri-iri a ƙasar nan tun daga taron ƙasa na 1991, na farar hula da na soja, kuma mai taɓin hankali ba ya zanga-zanga, ba ya yajin aiki, danginsa ma ɓoye shi suke yi. Shi ya sa ba ya cikin lissafin kowa.

Kafin mahukunta su motsa, akwai abin da ke hannun mai gida da sarkin kasuwa tun yau. Ran da aka ga ɗan kasuwa ya taɓu, a kira shaidu biyu a ƙidaya hajarsa, a rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, a damƙa makulli ga amintacce bisa sharaɗin riƙo, a roƙi masu bashi su yi haƙuri zuwa wa'adi. A gaya wa surukai gaskiya, a kuma tuna musu da shekarar da shari'a ta bayar. A raba maras lafiya da wuƙa da rijiya da igiya, a sa wanda ya fi yarda da shi ya kwana kusa da shi, domin haɗarin ya cutar da kansa ya fi haɗarin ya cutar da wani. Kada a yi musu da shi a kan muryoyin da yake ji, kada kuma a gaskata masa su. Sannan wani a gidan ya ɗauki takarda ya rubuta ranar da aka fara ganin canji, da ranar da barci ya ƙaurace, da abin da yake sha in yana sha, domin tambayoyin da likita zai fara yi ke nan, kuma daga wannan rana ce zai fara ƙidayar wata shida.